Yadda Na Kai Gonakin Sharabi Ƙasar Benin

Ko tsufa ya ɗauke mini tunani, ba na jin zai ɗauke ranar da aka ce riɗin garinmu ba a garinmu aka noma shi ba, kuma hannuna ne ya rubuta hakan.

A shekarar wani kamfani mai fitar da riɗi waje ya zo Sharabi da sabon tsari. Masu saye a Turai suna son sanin yawan hayaƙin da kaya ya jawo tun daga gona har jirgin ruwa, hayaƙin nan da ake cewa yana ɗumama duniya. Idan daji aka sare aka ƙone kafin a shuka, ba sa saye. Kowane buhu da sitikarsa mai lamba, a ɗauki hotonta da waya a tsaye cikin gonar, wayar ta rubuta wurin a wani littafi da suke kira bulokcen. Jami'ar da suka turo ta ce kwamfutoci da yawa ne ke riƙe da kwafinsa, shi ya sa abin da ya shiga ba ya goguwa.

Ni manoma suka zaɓa, don ni ne mai bakin cewa na san waya. Jami'ar tana bayani ina gyaɗa kai, hankalina yana kan sabuwar wayar da za a ba ni. A nan ta faɗi cewa ko babu sabis a ɗauka a gona, wayar za ta aika da kanta daga baya. Ban ji ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Duk mutumin wajenmu ya san sabis ɗinmu sai ya ga dama. Mai son kira yakan hau babur ya nufi iyaka, inda na Benin ke kamawa tas. Da na je gonar kawuna, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, na ga babu sabis ko ɗigo, sai dabara ta zo mini. Na kwashi sitikun kowa a aljihu, na ƙetara har wani tudu, na zauna kusa da masu yin gawayi, na ɗauke su ɗaya bayan ɗaya ina shan shayinsu. Har yaba wa kaina na yi, aikin mako guda na gama kafin la'asar.

Bayan an kwashe kaya jami'ar ta dawo, fuskarta ba walwala. Ta tara mu a ƙofar gidan kawu ta ce an tsayar da riɗinmu gaba ɗaya. Ta juyo da kwamfutarta, ga hoton sama: fili baƙi ƙirin, kututture ko'ina, hayaƙi yana tashi. Ta ce littafin ya nuna duk buhunanmu daga nan suka fito, dajin da aka ƙone a ƙasar Benin.

Nan take na gane tudun, har bishiyar da na jingina babur. Kawu ya matso ya daɗe yana duban hoton, sannan ya ce, “Ɗiyata, wagga gona tawa tun kakana take. Yaushe munka ƙone daji? Yaushe munka koma Benin ba mu sani ba?”

Na ja ta gefe, na gaya mata gaskiya, na roƙe ta ta goge mu sake a asirce. Ta ce ko mai kamfanin bai isa ba.

“Gyara kawai ake ƙarawa a ƙasa, malam,” in ji ta, “kuma sai an rubuta wanda ya yi kuskuren da yadda ya yi shi.”

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Amma noman shekara na mutane ne a tsaye, wasu da shi za su ci har damina. Na koma tsakiyar taron na faɗa da bakina. Wani ya fara zagi, kawu ya ɗaga masa hannu ya hana shi. Bai yi mini faɗa ba, abin da ya fi duka ciwo. Cewa kawai ya yi in ɗauko wayar, shi zai raka ni.

Kwana tara muka yi muna bin gonaki, tsoho a gaba da sandarsa, ni a baya, muna tsayawa a kowace kusurwa. Aka saki riɗin a makare, bayan wasu sun riga sun taɓa hatsin iri.

Har yau idan aka buɗe littafin, layin farko yana cewa Sharabi ta ƙone daji, na biyu yana cewa ni ne na zauna shan shayi. Yara suna kirana mai kai gona Benin, ina amsawa. Abin da na koya shi ne, aikin da aka ba ka amana ka taka da ƙafarka ka je wurin, domin gyara ba ya share kuskure, a ƙarƙashinsa yake zama da sunanka a jiki.