Tseren da Alhaji ya ɗauke mini

Alhaji ya sace mini tserena, shi ne laifinsa a wurina. Tare muka yi lekkol, wato makarantar boko, a Damagaram kafin a kore ni. Ni ne mai gudun mita ɗari, shi kuwa mai riƙe mini riga a bakin fili. Ranar da na zo na ɗaya a gasar jiha, yana tsaye da rigata a kafaɗa.

Yanzu yana da shago a kasuwar Tamanrasset, ni ina dakon siminti da gwiwa mai ciwo. A bayan shagon nake kwana, ba ni da wani wurin. Da yamma samarin Nijar sukan taru shan shayi, sai ya fara ba su labarin wai shi ya ci tseren nan, har ya duƙa ya gwada musu yadda ya tashi. Ina zaune ina saurare, ko zafi na daina ji. Na san in na yi magana, tabarmata za ta koma titi.

Wata Juma'a ya ƙara da cewa yana gudu yana jin mutane suna kiran sunansa. Na bari samarin suka watse, na same shi yana rufe ƙofa.

Na ce, "Alhaji, riƙe tseren, ba abin da zan yi da shi. In ka ga dama ka kore ni. Amma ka daina cewa ka ji ihu. Mai wannan gudu ba ya jin komai, ko sunan uwarsa aka kira."