Kurmin Baba Firmin

A ƙauyenmu na tsaunukan Corrèze, mutum zai ba ka aron motarsa, ya ba ka makullin gidansa, amma ka tambaye shi inda yake tsinto naman kaza, sai ya nuna maka gabas alhali wurin yana yamma. Ba mai jin haushin wannan ƙaryar. Naman kazan da muke kira sep, mai kauri da ƙanshi, ba a shuka shi. Inda ya ga dama yake fitowa duk kaka, kuma uba ba ya nuna wa ɗansa wurin sai ya tabbata bakin ɗan yana rufuwa.

Solange Vayssière ta san wannan doka sarai. Shekarunta arba'in da shida, tana kiwon awaki talatin, tana yin cuku tana kaiwa kasuwar Asabar. Mijinta ya kama gabansa tun da daɗewa, ita kuma ba ta bi sawunsa ba. Tana zaune da mahaifinta Firmin, tsoho ɗan shekara tamanin da uku, wanda ya san kurmi biyu. Na farko ya nuna mata ranar da ta cika arba'in. Na biyu, wanda ya gada daga kakarsa, wanda ko a shekarar fari yake cika kwando, ya ce sai ta ƙara hankali. Shi take jira, tana kallon ƙafafun tsohon suna raguwa.

Tana da ƙawa tun makarantar kwana, Capucine, wadda ke zuwa daga Paris duk hutun ƙarshen Oktoba da mijinta Aymeric da 'ya'yansu biyu, Léonie mai shekara shida da Basile mai huɗu. Yaran su kori kaji, su ɓarar da madara, su hau gado da takalmi, Solange ba ta taɓa ɗaure musu fuska ba. Son su take tsakani da Allah. Bara ne Capucine ta yi ta roƙo, wai yara su ga yadda sep yake fitowa, har Solange ta yi wautar kai su kurmin farko. Aymeric, mutumin da ko ruwa zai sha sai duniya ta gani, ya ɗauki hotuna ya ɗora a intanet har da taswirar wurin.

Asabar ta zagayo, motoci goma sha ɗaya suka jeru a bakin hanya. Mutanen birni suka shiga da manjagara suka kankare ƙasa har jijiya. Firmin ya dogara sandarsa ya je ya gani, ya dawo ya zauna bakin murhu.

"Na biyun da shi za a binne ni," in ji shi. 

Da Solange ta buga waya Paris, dariya Aymeric ya yi.

"Haba Solange, daji ai na kowa ne. Ke dai ku mutanen ƙauye akwai ku da rowa."

Ba ta zage shi ba. Ta ajiye wayar, ta ajiye maganar a ranta shekara guda cur, tana juya ta kamar yadda take juya cukunta a kan katako.

Bana da motarsu ta tsaya a ƙofar gida, ita ta fara fitowa. Ta sumbaci kowa a kumatu, har da Aymeric, ta ɗaga Basile sama, ta ce miya tana kan wuta. Capucine, da ta taho da fargaba, ta saki jiki.

A kwana na uku, suna karyawa, Solange ta ce, "Aymeric, wancan wurin ya mutu. Amma akwai wani, ko Baba bai san na sani ba. Don Allah kar ka gaya wa kowa."

"Ni? Bakina ƙanin ƙafata," ya ce, hannunsa tuni yana laluben waya.

Ta kai su dajin da ke bayan tsohon injin yankan katako. Kowane yaro a ƙauyen nan ya san abin da ke fitowa a can: ɗan'uwan sep ne, kamar an tsaga kara, sai dai cikin hularsa ja-ja ne. Ba ya kisa, ba ya ko ɓata ciki. Amma ƙwaya ɗaya ta shiga tukunya, an gama, ɗaci kamar an fasa maɗaciya, kuma wuta ƙara masa ɗacin take yi. Aymeric ya yi ta tsinta yana washe baki. Léonie ce ta juya ɗaya ta leƙa.

"Anti Solange, me ya sa cikin wannan ja ne? Na bara fari ne."

Solange ta yi sauri ta shafa kan yarinyar. "Kai wa babanki, shi ne gwani."

Capucine ta ce su biya ta wurin mai kemis ya duba musu ko masu ciyuwa ne, kamar yadda kowa ke yi a nan. Aymeric ya ce wayarsa ta riga ta duba, ba sai wani mai farar riga ya koya masa ba. Solange ta sunkuya tana ɗaure wa Basile igiyar takalmi.

Aymeric da kansa ya gayyaci mutane cin abincin Lahadi, wai yana so ya wanke sunansa: magajin gari, da maharba uku, da matansu. Ya ɗaura zanen girki, ya soya kwando guda da kitsen agwagwa da tafarnuwa, ya hana kowa taɓa cokali. Solange ta soya wa yara wainar ƙwai daban, ta zaunar da su a kicin.

Magajin gari ne ya fara kai loma. Fuskarsa ta tattare, ya nemi inda zai tofar bai samu ba, ya haɗiye da hawaye. Wani maharbi ya tofar a faranti ba kunya.

"Malam ɗan Paris, wannan a wace makaranta aka koya maka?"

"Ku bar shi, wayarsa ce ta ɗanɗana masa," in ji na kusa da shi.

"To ka ɗora taswirar nan ma, 'yan'uwanka su zo da manjagara."

"Ai ya ɗora tun jiya," in ji Solange, tana yanka burodi.

Dariya ta ɓarke har kofuna suna rawa. Aymeric ya yi tsuru-tsuru da cokali a hannu, kunnuwansa jawur. Solange ta ji wani sanyi ya sauka mata har tafin ƙafa. Daɗi ta ji, ba ta kuma ji kunyar daɗin ba. Firmin bai yi dariya ba, kallon 'yarsa kawai yake yi.

Capucine ta same ta wurin wanke-wanke.

"Kin sani, ko?"

"Na sani."

"A gaban mutane, Solange? Shekara talatin muna tare."

"Shi a gaban duniya ya yi nasa."

Washegari suka loda kaya, saura kwana biyu hutunsu ya ƙare. Basile yana kuka don bai yi sallama da awaki ba.

Ƙurar motar ba ta gama kwanciya ba Firmin ya fito da takalman roba da kwando.

"Wanda ya riƙe abu shekara guda bai furta ba, ya isa a nuna masa na biyun," ya ce. "Bar wayarki a gida."

Suka hau tudu, ita a baya. A mararraba ta farko ya bi dama, ya yi tafiya, ya dawo. Ya bi hagu. Ya ce akwai wani dutse mai tsaga, daga shi sai a gangara rafi. Awa uku suna zagaye, duwatsu masu tsaga sun fi ashirin. Daga ƙarshe ya zauna a kan kututture.

"Bara ina rufe ido ina ganin hanyar," ya ce a hankali. "Bara a irin wannan makon na yi niyyar kai ki, sai aka ɓata na farkon. Da bara ne, 'yata."

Ta riƙo hannunsa suka gangaro, kwando ba komai a ciki. A gida ta tarar da saƙon Capucine: Aymeric ya huce, ya ce an yi kunnen doki, a manta, baɗi za su zo da yara. Solange ta karanta sau biyu. Ta rubuta mata cewa ɗakin baƙi ya zama wurin shanya cuku, sannan ta ɗauki bokiti ta tafi tatsar awaki.