Zanzaro a Bututun Tanki

Jama'a, zanzaro ya kusa ƙona mu yau! 

Mun je Ngaski sayen kifi da Inna. Yaya Sani ya aje mota gab da wutar masu bandar kifi. Sai warin fetur ya turnuƙe, tanki na huci! Na ƙwalla ihu.

Baba Ɗanjuma, mai gyaran injin jirgin ruwa, ya rugo. "Kar ka tada ta! Ku tura!"

Aka tura ta nesa. Ya sassauta murfin tanki a hankali, ya shige ƙarƙashi, ya ciro bututun da tururin mai ke bi. Zanzaro ya toshe shi da laka! Ya zaƙule, ya busa, ya mayar.

Inna ta ce, "Baba, mi za mu ba ka?"

Ya ce, "Ba ɗiyarki ruwa, Hajiya. Ta fi tankin huci."