Kawu Mati da Karofin da Ya Hana a Cike

Duk wanda ya taɓa gaisawa da Kawu Mati marini ya san ba fuskarka yake kallo ba, rigarka yake kallo. Kana miƙa masa hannu zai kama bakin rigar, ya lashi yatsa, ya murza, ya duba. In launi ya fita sai ya ce, "Galura, rinin kanti," ya sake ka kamar ya taɓa kashin kaji. Ranar ɗaurin aurena ma haka ya yi mini a gaban surukaina, alhali shi ne wakilina.

Ni Sale ne, ɗan ƙanwarsa. Boko ban yi nisa ba, rinin ma ban tsaya na koya ba, babur na kama ina kabu-kabu. Amma a marinar unguwarmu na tashi, lokacin da in ka shigo lungun ba ka jin maganar na kusa da kai saboda ƙarar mabuga, masu buga yadi. Ga dukawa suna ɗinkin fata, ga maƙera a ƙarshen layi, masu fura suna bin kowa. Sai kayan kanti suka cinye kasuwa, samari suka watse, ramukan rini, wato karofi, suka dinga bushewa ɗaya bayan ɗaya.

Da aka ƙaddamar da Shari'a, Kawu ya fi kowa murna, sai dai dalilinsa daban. Ya ce mini, "Sale, tamu ta kawo. Yanzu kowa zai naɗa rawani. Wa zai rina musu in ba mu ba?" Ya tada ramukan da suka mutu, ya zuba baban rini da toka, ya zauna jira. Mutane kuwa suka naɗa rawanin, amma fari tas, ɗan kanti. Ya bi masu tafiya masallacin Juma'a da kallo, ya ce, "Addini dai ya dawo. Ido ne har yanzu bai dawo ba."

A kwanakin ne wasu samari 'yan agaji suka shigo lungun, wai an kai musu ƙara ana kiɗa. Kiɗan nan tsofaffin mabuga ne biyu suke buga yadi a kan gungume don ya yi ƙyalli, wannan ya sauke wannan ya ɗaga.

Babban samarin ya ce, "Baba, ba ku ji an hana kiɗa ba?"

Kawu ya ce, "Mun ji, ɗana. Wannan rawanin limaminku ne, shi kaɗai ya rage mana a garin. In ka ce a bari, sai ka kai masa a cukurkuɗe ka yi masa bayani."

Yaron ya sosa ƙeya ya ce, "To, a ci gaba, amma a rage daɗin."

Kawu ya juya wajen mabugan ya ce wa babbansu, "Kun ji, Audu. Ku buga, amma kada ya yi daɗi."

Da ya ga ciniki ba zai zo da ƙafarsa ba, sai ya koma tare baƙi a bakin rijiyar Kusugu, nan cikin Daura. Duk wanda ya zo ganin rijiya ya sha ruwa ya fito, Kawu zai ce, "Tasha za ku? Ku biyo ni, akwai yanke." Yanken nan sai ya ratsa da su ta wajen dukawa, ta maƙera, ya dire su a marina. Kafin su kai tasha sun sayi takalmi da wuƙa, sun sha fura, lungu ya ɗan motsa. Wata rana ya ja wata hajiya daga Kano, ashe haifaffiyar Daura ce. Ta tsaya ta ce, "Malam, a nan aka yanke mini cibiya. Tasha tana bayanmu."

Ko gezau bai yi ba. Ya ce, "Hajiya, tashar ba ta zuwa ko'ina. Mu ne muke shirin tashi."

Ta yi dariya har da hawaye, ta sayi zane biyu.

Daga baya kwamitin unguwa ya yanke a cike ramukan a gina shaguna. Da aka zo kan nasa na ƙarshe, sai aka tarar da Kawu a ciki, da butarsa da rediyonsa. Mai unguwa ya leƙa ya ce, "Mati, ka fito, ka girmi wannan."

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ku zuba ƙasar. Na rage muku wahalar haƙa kabari."

Suka ce za su jira lokacin salla, dole ya fito. Ana kiran azahar ya aika a kira ni. Ya fito, ya ce, "Shiga." Ni magidanci da 'ya'ya huɗu, ina zaune a rami, fasinjojina suna wucewa a kan babur ɗin wasu. Haka muka yi ta karɓa-karɓa har kwamiti ya gaji, aka bar ramin.

Bai ga abin da ya biyo baya ba. Bayan rasuwarsa wasu matasan gari suka gyara lungun, suka shafe bango, aka fara kawo baƙi da mota. Dukawa biyu sun dawo, mai ƙosai ta kafa kasko. Amma kowa ramin yake tambaya, rami kuwa a bushe. Matasan suka same ni, wai ni ne jininsa. Na ce ni ɗan kabu-kabu ne. Suka ce in babu mai rini, gara a rufe shi kada yara su faɗa.

Dole na haɗa ruwan rinin da abin da idona ya riƙe. Na farko wari kawai ya yi, na kwashe. Na biyu na tsoma farin ƙyalle na ɗago, ya fito kore-kore, raina ya ɓaci. Ina riƙe da shi iska ta buge shi, ya rikiɗe shuɗi a hannuna. Ban san lokacin da na waiga ba, in nuna wa Kawu. Dakalinsa ne kawai a wurin.

Allah Ya jiƙan Kawu Mati, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya sa ya huta. Mu da ya bar wa ramin, Allah Ya ba mu ikon riƙewa.