Gubar da Muka Shiga Ɗaki da Ita

Shekarun baya, lokacin yaƙin Kuwait, muna zaune a unguwar Karantina, can ƙasa mai tsarki. Ni yarinya ce, amma bakina ya riga ya girma. Gari ya ɗauka cewa za a harbo roka mai guba daga Iraƙi, wadda shaƙa ɗaya sai kabari. Masu hali suka nemi abin rufe fuska irin na sojoji. Mu kuwa mahaifina salatif ya sayo, ya liƙe tagar ɗakinmu ta yadda ko sauro ba zai samu hanya ba.

Wata la'asar yana tsakar gida yana dafa shayi a kan gawayi, sai ga rugugin manyan jirage, har kwanukanmu suna rawa. Ya miƙe yana ihu: "Yalla, kowa ɗaki!" Muka ruga, ni da mahaifiyata da ƙanwata. Shi kuma mutumin Nijar, yana iya barin takalminsa amma ban da shayinsa. Ya ɗauko murhun da garwashinsa ya shigo, ya rufe ƙofa, ya toshe ƙasanta da jiƙaƙƙen bargo.

Can kaina ya fara sarawa. Na ce, "Baba, ni fa zan fita." Ya ce in sake magana in gani. Ƙanwata ta yi amai, jikinta ya saki. Mahaifiyata ta fara salati, ta ce, "Malam, gubar ta iso!" Kun san abin da ya yi? Ya ƙara salatif. Ni ma, uwar wayo, ni na riƙe masa bakin salatif ɗin yana ja.

Muna da wani maƙwabci, tsohon sojan Chadi, kunnensa ɗaya ya mutu tun a yaƙin ƙasarsu. Kullum shi ke shan shayin nan tare da mahaifina. Ya zo ya tarar da tabarma da kofuna, babu murhu, babu mutane. Ya ƙwanƙwasa. Mahaifina ya ce daga ciki, "Baba, ka gudu gida, guba ce a waje!"

"Ga ni a wajen, ban mutu ba. Ina murhun?"

"Yana nan ciki."

Bai sake tambaya ba. Ƙafa ya sa wa ƙofar. Ya fizgo ƙanwata ya shimfiɗa ta a tsakar gida yana mata fifita da hularsa, mu kuma muka fito da rarrafe. Da ta buɗe ido ta yi kuka, sai ya juya kan mahaifina: "Kai ɗana, jiragen nan tafiya suke yi, ba zuwa ba. Iraƙi ba ta san da ku ba, za ka yi mata aiki kyauta!"

Har aka ce halas, yaƙi ya ƙare, roka ko ɗaya ba ta faɗo unguwarmu ba. Da mu kaɗai zai ci, kuma da gawayinmu.

Tsohon ya rasu tuntuni. A gidanmu an mai da labarin abin dariya, ni ma ina yi. Amma ranar da ƙanwata ta haihu, aka miƙo mini jaririn, dariyar ba ta zo ba. Ni ba mai doguwar addu'a ba ce, kowa ya sani. Ranar nan kuwa na yi ta yi wa tsohon addu'a, sai da mahaifiyata ta taɓa ni ta ce in miƙo yaron. Allah Ya jiƙan wannan bawa nasa.