Yadda Jam'iyya Ta Dakatar da Inna

Mahaifiyata ta yi sama da shekara goma tana shugabar matan jam'iyya a mazaɓarmu da ke Gwandu. Ba ta yi boko ba. Ungozoma ce, kuma saboda haka aka naɗa ta, don babu gidan da ba ta shiga tun daga unguwarmu har ƙauyukan da ke kan hanyar Kambaza. Samari da 'yan matan da ke ta alfahari da katin zaɓe, da yawansu ita ta yanke musu cibiya. In ta ce mata su fito, fitowa suke yi.

Ni aure ya kai ni Kalgo, inda nake koyarwa a wata firamare, amma katina na gida ne. Duk zaɓe nakan hau mota in je in kwana biyu wurin Inna, shi ya sa abin da zan faɗa da idona na gani.

Inna 'yar sak ce ta gaske. Sak shi ne ka dangwala wa alama ɗaya tun daga shugaban ƙasa har kansila, ba ka tambayar wane ne a ƙarƙashinta. Takan tara tsofaffi a tsakar gidanmu, ta jiƙa shuni a murfin kwano, ta shimfiɗa takardar gwaji, ta kama babban yatsansu ɗaya bayan ɗaya tana nuna musu inda za su dangwala don kada ƙuri'a ta lalace. Ta yi haka lokacin da jam'iyyar ke mulki, ta yi lokacin da ba ta da ko kansila, har ana yi mata dariya a gidan biki.

Akwai ƙaramin asibiti a bayan unguwarmu. Wata shekara, iskar farkon damina ta yaye kwanon ɗakin haihuwa. Aka mayar da gadon haihuwar cikin ɗakin ajiyar magani, wurin da mutum biyu ba sa iya juyawa, in kuma mata biyu suka zo a tare sai a rataya zane a baranda a kwantar da ɗaya. Inna ta je wurin ɗan majalisar jiha da ke wakiltarmu, ɗan jam'iyyarta, wanda ta sha rana ta tara wa ƙuri'a. Sau uku tana zuwa gidansa a Birnin Kebbi. Zuwan farko ya ce an gama magana. Na biyu aka ce yana taro. Na uku ta zauna kan benci a ƙofar gida tun hantsi har aka kira azahar, sannan wani ya fito ya ce mata ai mai gidan ya fita ta ƙofar baya.

Damina biyu ɗakin yana buɗe. Wanda ya rufe shi wani tsohon malamin asibiti ne da ya yi ritaya, mutum mai ƙarancin magana. Ya sayo kwano daga aljihunsa, ya roƙi kafintocin unguwa suka yi aikin ranar Juma'a da safe. A lokacin ko katin jam'iyya ba shi da shi. Daga baya ne ɗaya jam'iyyar ta lallashe shi ta tsayar da shi takarar majalisar jiha, tamu kuma ta sake tsayar da mutuminta na da, duk da kukan da aka yi.

Aka yi zaɓen shugaban ƙasa da 'yan majalisun tarayya, Inna ta yi sak kamar kullum, matanta suka bi ta. Saura zaɓen gwamna da na majalisar jiha, wanda ake yi daga baya. Ana saura kwana uku ta tara mata bayan la'asar. Ina zaune bakin madafi ina tsince shinkafa.

Ta ce, "Shugaban ƙasa namu munka zaɓa, kun gani. Gwamna ma namu za mu zaɓa, ban canza ba. Amma takarda ta biyu, ta majalisa, ni malamin asibiti zan ba. Ban tilasta kowa ba. Ni dai ba ni iya dangwala ma wanda ya bar ni kan benci, ɗiyanku na haihuwa a baranda."

Wata matashiya ta ce, "Inna, ashe wake da shinkafa za mu yi bana?"

Aka fashe da dariya. Haka ake kiran wanda ya gauraya ƙuri'arsa, ya ba wannan jam'iyya sama, ya ba waccan ƙasa, kuma a bakin 'yan siyasa zagi ne.

Inna ta ce, "Ku kira shi abin da kunka so."

Da suka watse na ce mata, "Inna, da kin bi su gida-gida a hankali. Cikin matan nan akwai masu kai rahoto."

"In yi abin kirki a ɓoye kamar ɓarauniya? Ni ban saci komi ba."

Ranar zaɓe aka ƙirga ƙuri'u a gaban kowa a filin makaranta. Akwatin gwamna namu ya cinye da rata mai yawa. Akwatin majalisa kuwa malamin asibiti ya ɗauke. Haka aka samu a rumfunan da ke kusa da mu. Amma da aka haɗa sakamakon ko'ina, tsohon ɗan majalisar ne ya koma kujerarsa. Wato Inna ba ta kayar da kowa ba. Duk mutanen da jam'iyya ta tsayar, babu wanda ya faɗi.

Bayan mako biyu aka aiko tana da kira a ofishin jam'iyya na mazaɓa. Na dawo daga Kalgo musamman don in raka ta. Ofishin shago ne guda da aka shafa wa fentin jam'iyya, da benci biyu da tebur. Maza sun cika bencin. Babu wanda ya tashi ya ba ta wuri, mace mai jikoki, sai ni na leƙa shagon tela na aro mata kujera. Ciyaman ɗin mazaɓa yana bayan tebur. Inna ta girme shi nesa ba kusa ba, kuma 'ya'yansa huɗu a hannunta aka haife su. Ranar ko gaisuwar kirki bai yi mata ba.

Sakatare ya miƙe ya karanta takarda da Turanci. Daga shi sai ni muke jin abin da ke ciki, kuma sun san haka. Da ya gama, ciyaman ya dube ni ya ce, "Malama, fassara mata."

Har yau in na tuna wannan sai in ji zuciyata na tafasa. Ni suka sa na gaya wa uwata da bakina cewa an same ta da laifin zagon ƙasa, an sauke ta daga shugabancin mata, an dakatar da ita har sai abin da hali ya yi. Ina fassarawa, ita kuwa tana kallon ciyaman ba ta ko ƙifta ido.

Ta ce, "Ciyaman, shugaban ƙasa wa na zaɓa?"

"Namu, Hajiya."

"Sanata fa? Gwamna fa?"

"Hajiya, ba wannan ake magana ba. Jam'iyya ba kasuwa ba ce da za ki ɗauki wanga ki aje wancan. Ko duka ko babu. Kin kunyata Onorabul a mazaɓarmu, an kira ni an yi mani faɗa kamar yaro."

"To shi da ya kunyata mu damina biyu, wa ya kira shi?"

Wani daga benci ya ce, "Mata dai ba su san siyasa ba." Na juya zan ba shi amsa, Inna ta riƙe mini gefen hijabi. Ta tashi, ta ce in mayar wa tela kujerarsa in yi masa godiya, muka fito.

Da abin ya tsaya kanta, da sauƙi. Azumi ya zo, aka kawo shinkafa da gero da sukari, aka ce tallafi ne na gwamnati ga marasa ƙarfi. Na gwamnati, ba na jam'iyya ba. Amma a hannun su ciyaman jerin sunaye yake, kuma duk matar da aka san ta zauna a tsakar gidanmu ranar nan, aka nemi sunanta aka rasa. Mata suka yi layi cikin rana da bakin azumi, aka ce musu su je malamin asibiti ya ba su. Haka aka yi lokacin rabon taki, mazajensu ma ba su tsira ba. Waɗannan fa mutane ne da suka zaɓi gwamnan da shugaban ƙasar da yatsunsu. Takarda ɗaya cikin biyar suka ba wani, aka shafe sauran huɗun kamar ba a yi ba.

Akwai maƙwabciyarmu da mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyar. Ta shigo gidanmu da buhunta a naɗe a hammata, ta tsaya tsakar gida ta ce, "Inna, kin ja muna. Ke kina da ɗiya masu albashi. Mu fa?"

Inna ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta auno mata gero daga wanda yayana ya aiko mata na azumi. Matar ta karɓa, amma ba ta sake zama a gidanmu ba sai bayan wata da watanni. Wannan ya fi takardar dakatarwa yi wa Inna ciwo. Ta rame a azumin nan. Wata rana muna jiran a sha ruwa ta ce mini, "Da na sani da ni kaɗai na yi abina, ban ce masu komi ba." Ban taɓa jin ta yi da-na-sani a kan gaskiya ba sai ranar, kuma ban yafe wa waɗanda suka kai ta ga faɗin haka ba.

Na koma Kalgo na zauna na rubuta wasiƙa mai zafi zan aika gidan rediyo. Maigidana ya karanta ya ce, "Duk abin da kika rubuta gaskiya ne. Amma ke ma'aikaciyar gwamnati ce, kuma kowa zai gane gidan da ake nufi." Na yi ta masifa, na ce tsoro ne ya kashe mu a ƙasar nan. Daga ƙarshe ban aika ba. Ina faɗar wannan ne don kada a ɗauka ni jaruma ce.

Ba a cika shekara biyu ba sai rikici ya ɓarke tsakanin manya a sama. Ubangidan ɗan majalisarmu ya ɓata da masu riƙe da jam'iyya, ya sauya sheƙa zuwa ɗaya jam'iyyar, wato wadda malamin asibiti ya yi wa takara. Ɗan majalisa ya bi shi da kujerarsa, kujerar da aka hana mata shinkafa a kanta. Ciyaman ma ya bi. Cikin mako guda aka sake wa shagon nan fenti. Malamin asibiti kuwa, da suka shigo suka karɓe komai, aka tura shi gefe, ya koma gonar albasarsa ya daina zuwa taro.

Ina gida hutun makaranta ciyaman ya yi sallama da hantsi, da sabuwar hula a kansa. Wannan karon har ƙasa ya durƙusa.

"Hajiya, ina kwana? Ya ƙarfin jiki? Ai abin da ya wuce ya wuce. Ashe ke kin riga mu hangen nesa, ga shi duk mun taho inda kike. Onorabul ya ce a gaishe ki. Za a yi taron karɓarsa ranar Asabar, muna son ki fito muna da mata. Kujerarki ta shugabar mata na nan tana jiranki."

Inna tana tankaɗe, ba ta ajiye rariyar ba. Ta ce, "Inda nike? Ni ban je ko'ina ba, Ciyaman. Ku kunka kore ni. Mutum guda na zaɓa, kunka ce na ci amana. Ku da kunka kwashe kujera da ofis da tuta kunka tafi, mi sunan naku?"

Ya yi 'yar dariya. "Hajiya, siyasa ke nan."

Ni na kasa haƙuri. Na ce, "To a rubuto mata da Turanci mana, in fassara mata kamar wancan karon."

Inna ta ce, "Ke, yi shiru, baƙo ne." Ta dube shi. "Ka gaida Onorabul. Ka ce mai matan da ya hana ma abinci da azumi suna nan gidajensu, ya san hanya. In ya je ya ba su haƙuri ɗaya-ɗaya, su ad da ƙuri'unsu. Ni ba ni sake kama yatsan kowa."

Onorabul bai je ba, kuma bai buƙaci zuwa ba. Aka naɗa wata shugabar mata, aka raba atamfa, ranar Asabar filin taron ya cika maƙil. Ina jiyo kalangu da lasifika daga tsakar gida, ana yi wa Onorabul kirarin amana da riƙon alkawari. Cikin masu guɗa har da waɗanda aka kora daga layin shinkafa, kuma ban ga laifinsu ba, don sun ga abin da ake yi wa wanda ya ƙi.

Inna ba ta ji ko ɗaya daga ciki ba. Tun da safe aka zo da babur daga Ceberu, wata mai haihuwar fari ta kwana biyu tana naƙuda ta ƙi yarda kowa ya raka ta asibiti sai ita. Sai bayan la'asar ta dawo, ƙafafunta sun kumbura, ta ce an samu mace, uwa da ɗiya lafiya. Ta ce in ɗora mata ruwan zafi, ta kuma tambaye ni ko da sauran tuwon rana.