Mas'uda, Wadda Ta Hana Na'urarmu Barci Ranar Ambaliya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 12 ga Agusta, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Mas'uda Attahiru a Wurno, bayan jinyar da ba ta daɗe ba. An yi mata sutura bayan azahar. Ni Halliru, ƙanen mahaifiyarta kuma shugaban ƙungiyar manoman fadamarmu, ni nake rubuta wannan.

Mas'uda, ke kika haɗa mana tsarin da ke tura wa manoma saƙon gargaɗi idan gulbi ya fara cika. Na'urar da ke wannan aiki ba mu taɓa ganinta da ido ba. Tana wata ƙasa, hayarta muke ta intanet. Don sauƙaƙa mana kuɗin haya, kika sa mata lokaci: ta kunna kanta da asuba, ta kashe kanta da la'asar. Idan damina ta yi nisa, sai ki cire lokacin, ta zauna a kunne.

Bara ruwa bai jira damina ta yi nisa ba. Wata Juma'a, muna fitowa masallaci, aka bugo daga Goronyo cewa gulbi ya tumbatsa, ruwa ya nufo fadamun Taloka. Mutane suna can cikin shinkafa, da mata da yara da bisashe. Kika saki saƙon nan take, amma rukuni-rukuni yake fita, ko rabi bai kai ba sabis ya ɗauke a ofishin ƙungiyarmu. La'asar kuwa tana matsowa. Idan ta yi, na'ura za ta kashe kanta, sauran mutane ba su ji ba.

Na ce, "To yanzu mi za mu yi?"

Kika ce, "Kawu, sai na cire mata lokaci. Akwai sabis bisa tudun hanyar Rabah."

Kowa ya san wannan hanya ba a son binta idan rana ta karkata, saboda ɓarayin daji. Na hana ki. Kika dube ni, ba ki ɗaga murya ba, kika ce, "Waɗanda ke cikin fadama ba su san komi ba." Kika rungumi kwamfutarki, kika tsayar da ɗan kabu-kabu. Na hau nawa babur na bi ku.

A kan tudun kika durƙusa, ina kare miki yayyafi da babbar rigata, idona yana kan daji. Shafin ya buɗe, ya katse. Ya sake buɗewa, ya sake katsewa. Ladanin wani ƙauye ya fara kiran sallar la'asar a ƙasa da mu. Leɓɓanki suna motsi, yatsunki ba su tsaya ba. Can kika sauke numfashi kika ce, "Ta zauna."

Shinkafa ta tafi a ranar, amma ba a rasa rai ko ɗaya ba. Da manoma suka zo godiya, ɓuya kika yi a ɗakin mahaifiyarki.

Bana ma, kina kwance ba kya iya zama, kika kira abokiyar aikinki Bara'atu, kika sa ta cire lokacin da hannunta a gabanki, kika sa ta mayar, ta sake cirewa, har kika tabbata ta iya. Gulbi yana cika yanzu haka, hankalinmu ba kwance yake ba, ke kuma ba kya nan.

Ya Allah, Ka gafarta wa Mas'uda, Ka yalwata kabarinta, Ka sa rayukan da ta yi sanadin tsirarsu su zama nauyi a mizaninta. Ina miƙa ta'aziyya ga mijinta Malam Lukman, da mahaifiyarta, yayata Hajiya Kaltume, da manoman Wurno, Rabah da Goronyo. Allah Ya raya ƙaramar 'yarta Aziza, wadda har yanzu take leƙa ƙofa idan ta ji tsayuwar babur. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.